Faɗakarwa Ga Masu Saye Da Kuɗin Jama'a

Zuwa ga malamai da almajiransu, da dukan wanda aka danƙa wa kuɗin jama'a, na makaranta ne ko na ƙungiya ko na gidan marayu.

Ku sani akwai wata al'ada da ta zauna mana a ƙarshen ko wace shekara. Ma'aji ya kan miƙe gaban taro da littafinsa, ya karanta abin da ya shigo, ya karanta abin da ya fita, ya faɗi saura, a ƙirga saura a same shi daidai, jama'a su ce madalla, a watse. Al'ada ce mai kyau, kada a bar ta. Sai dai tambaya guda kaɗai ta ke amsawa, watau ko wani abu ya ɓace daga cikin kuɗin. Akwai tambaya ta biyu da ba safai a kan yi ta ba, alhali a nan ne dukiya ta fi zurarewa. Wannan kaya da aka saya, nawa aka saye shi, a hannun wa, a wane wata, kuma maƙwabcinmu da ya sayi irinsa a wannan watan nawa ya biya? Littafi ya kan daidaita har kwabo, ga rasit ga sa hannu, kuma ya zama an yi hasarar ushirin kuɗin shekara a wajen saye, ba wanda ya sani, har shi ma'ajin kansa.

Dalilin wannan a fili ya ke. Littafin ma'aji bisa jerin kwanaki a ke rubuta shi: yau gero, gobe siminti, jibi kuɗin mota, gata gero kuma. Misalinsa kamar littafin fiƙihu ne da warƙoƙinsa suka watse, wannan mas'ala tana nan, 'yar'uwarta tana bayan warƙa arba'in. Dukansu suna ciki, ba a rasa ko ɗaya ba, amma ba mai iya fitar da hukunci daga ciki sai ya zauna ya jera su babi babi. To, abin da mu ke kira zuwa gare shi ke nan: a ɗauki abin da aka riga aka kashe, a sāke jera shi bisa irin kaya da sunan mai sayarwa da farashin awo guda, sa'an nan a karanta shi kafin a koma kasuwa. Manyan kamfanoni da gwamnatoci suna yin wannan da kwamfuta da ma'aikata na musamman. Asalinsa kuwa bai wuce tarawa da rabawa ba, kuma almajirin da ya iya fitar da sudusi da sumuni a rabon gado ya fi ƙarfinsa.

Don kada a ce zance ne kawai, ga labarin wurin da aka gwada aka kuma auna abin da ya biyo baya. A shekara ta 1996 sabuwar hukuma ta hau a Buwenos Aires, babban birnin Ajantina, ta tarar ana ta ƙorafi a kan yadda asibitocin birnin su ke sayen kaya. Asibitocin sun haura 30, ko wanne da nasa jami'in saye. Hukumar lafiya ba ta kama kowa ba, ba ta kori kowa ba. Cewa ta yi ko wane asibiti ya riƙa aiko mata da bayanin wasu kaya ƙalilan, nawa ya saya, nawa ya biya, a hannun wa, a wane wata. Kuma ta yi hikima wajen zaɓen kayan, domin ta ɗauki waɗanda ba su da bambanci tsakanin wannan asibiti da wancan, watau ruwan gishiri na ƙarin ruwa, da sifirit na goge fata, da aidin, da ruwan nan mai kumfa na wanke miki. Ba mai iya cewa nasa ruwan gishirin ya fi na wani daraja. Sa'an nan ta jera farashin a takarda guda, ta nuna wanda ya fi kowa biya da wanda ya fi kowa samun sauƙi, ta mayar wa jami'an saye ko wanne ya ga inda ya tsaya cikin 'yan'uwansa.

Masana biyu, Rafael Di Tella da Ernesto Schargrodsky, sun bi waɗannan takardu, suka buga abin da suka samu a 2003. A cikin wata 9 na farko farashin da asibitocin su ke biya ya sauka da kashi 15 cikin 100. Bayan nan ya soma hawa, amma ya tsaya ƙasa da na dā da kashi 10 cikin 100. Ku dubi saukar, ku kuma dubi hawan, domin duka biyu darasi ne. Saukar ta nuna cewa jera farashi kusa da juna, shi kaɗai, yana da ƙarfi. Hawan ya nuna cewa idan mutane suka ga ana ta rubutu amma ba a tambayar kowa dalili, tsoro ya kan fita, ido kuwa ya kan raina abin da ya ke gani yau da gobe. Akwai kuma abu na uku da suka lura da shi. A lokacin da bincike ya ke da zafi, yawan albashin jami'i bai canja kome ba, kowa ya kama kansa. Da bincike ya yi sanyi, sai aka ga jami'an da a ke biya albashi mai kyau su ne su ke saye da sauƙin farashi. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu da mu kan ɗora wa mutum sayen abincin yara ɗari biyu shekara da shekaru, ba a ba shi ko kuɗin sabulu, ana cewa ai sadaukarwa ce.

Idan wani ya ce, wannan ai zargin ma'aji ne da mai zuwa kasuwa, kuma mutanen kirki ne mun san su mun san iyayensu, sai mu ce masa: mun yarda mutanen kirki ne, kuma don haka ma ya kamata a yi. A Italiya masana uku, Oriana Bandiera da Andrea Prat da Tommaso Valletti, sun bincika yadda hukumomin gwamnati su ke sayen kaya na yau da kullum, irin su takarda da kujeru da kwamfuta, suka buga a 2009. Sun raba hasara gida biyu: wadda mai saye ya ke cin moriyarta, watau cin hanci, da wadda ba ya samun kome a cikinta, watau sakaci da rashin sanin kasuwa da nauyin ƙa'idodin ofis. A ƙiyasinsu kashi 83 cikin 100 na hasarar daga gida na biyu ya fito. Lissafin ƙasarsu ne, ba mu ce haka ya ke a ko'ina ba. Amma duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin makaranta ya san kamannin wannan gida na biyu. Mai saye ya tashi ran da sito ya ƙare, ga yara suna jiran tuwo, ba shi da sararin tayi. Ko kuwa ya saba da rumfa guda shekara goma, kunya ta hana shi tambayar ta kusa da ita. Ko mai rumfar surukin shugaba ne. Ko ana bin makaranta bashi a can, ba ta da bakin neman ragi. Ba ɓarawo a cikin waɗannan duka, amma kuɗin marayu ya tafi kamar da ɓarawo ne ya ɗauka. Mai gaskiya shi ya fi kowa amfana da wannan daftari, domin ran da 'yan tsegumi suka taso masa yana da abin nunawa. Wanda ya ke tayar da jijiyar wuya tun ba a buɗe littafi ba, to mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Akwai wata ɓarna kuma da ba ta bayyana sai an jera, ita ce warwatsuwar saye. A 2011 ofishin binciken kuɗin gwamnati na Birtaniya ya duba hukumomin asibiti 61 a Ingila, ya tarar suna sayen farar takarda ta ofis iri 21, da safar hannu iri 652, da allurar da a ke kafawa a jijiya iri 1,751. Wata hukuma safar hannu iri 13 ta ishe ta, wata kuwa iri 177 ta ke saye. Ofishin ya ƙiyasta za a iya rage wajen fam miliyan 500 a shekara daga cikin fam biliyan 4.6 da a ke kashewa a irin waɗannan kaya. A 2016 rahoton Lord Carter ya ƙara da cewa a hukumomi 22 kaɗai akwai masu kawo kaya 30,000, kuma mutum fiye da 7,000 ne su ke da ikon yin odar kaya. Ba mai zama ya shirya irin wannan da gangan. Taruwa ya ke yi kaɗan kaɗan, wannan likita yana son wannan iri, wancan ya saba da wancan, har ya zama babban mai saye ya mai da kansa ɗan kiri, yana biyan farashin ɗai ɗai a kan abin da ya isa ya sara. Ku rage wannan hoto ya yi daidai da mu. Ƙungiya mai makarantu bakwai a gari guda, ko wane shugaban makaranta yana aika yaronsa ya sayo rim biyu na takarda da kwali guda na alli, ko wanne a nasa shago. Da an tara rasit ɗin shekara a tabarma guda, da an ga ƙungiyar babban mai ciniki ce wadda 'yan sari za su yi rububinta.

Yanzu ga yadda aikin ya ke, kuma mu faɗa muku tun da wuri cewa wahalarsa tana wajen share hanya, lissafin kansa ba wuya. Da farko a tara dukan takardun shekara guda, har da ƙananan da a ke rainawa, a kwafe ko wane saye a layi guda: rana, kaya, yawa, kuɗi, mai sayarwa, wanda ya sayo. A nan za ku ci karo da sunaye. Mutum guda an rubuta shi sau uku, wani wuri Alhaji wane, wani wuri da sunan shagonsa, wani wuri da sunan yaronsa da ya kawo kayan. In ba a haɗe su ba, ba za a gane cewa sulusin kuɗin makaranta aljihu guda ya ke shiga ba. Za ku ci karo kuma da kalmar nan mai cin amana, watau “da sauransu”, da 'yar'uwarta “kayan masarufi”. Duk layin da aka rubuta haka a warware shi, a tambayi wanda ya sayo tun bai manta ba, kuma daga yanzu a hana rubuta shi. Muna ganin idan “da sauransu” ya kai ushirin littafi, to littafin bai faɗi kome ba tukuna.

Sai mas'alar awo, kuma a nan ne masu gaggawa su kan zalunci mai gaskiya. Buhu ba buhu ba ne. Akwai mai tiya arba'in, akwai wanda bai kai ba, kuma mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, balle a zo ga cika da tozo da shafe. Siminti ya huta da wannan, domin buhunsa kilo 50 ne, rim na takarda kuma warƙa 500 ne, amma hatsi da manja da itace sai an mai da su awo guda kafin a gwama. A 2010 wani attajiri, Philip Green, ya duba wa gwamnatin Birtaniya sayenta, ya ce ya tarar ana sayen kwalin takarda daga fam 8 har zuwa fam 73. Tazara ce mai ban tsoro, amma mai hankali kafin ya yi hukunci sai ya tambaya, takardar iri ɗaya ce, kwalin girma ɗaya ne? Ku da kuka karanta babin salam kun san ba a ƙulla ciniki sai an ambaci jinsi da sifa da awo da ajali. Haka nan ba a gwama farashi biyu sai waɗannan sun daidaita. A haɗa kuma da abin da ya biyo kayan har ya iso sito, kuɗin mota da dako da la'adar dillali, domin buhun da ya yi araha a kasuwa mai nisa ya kan iso gida ya fi na unguwa tsada. A rubuta kuma ko hannu da hannu aka biya ko bashi, domin farashin bashi dabam ne.

Wani tarko kuma shi ne gwama bana da bara. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na wannan shekara, farashi ya yi ta gudu, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawarsa ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. A irin wannan hali, cewa bara mun sayi buhu kaza bana kaza ba hujja ba ce a kan kowa. Gwamawa mai amfani ita ce ta wata guda: mu da makarantar da ke ƙetaren hanya, ko mu da farashin kasuwa a wannan makon. Abin da mutanen Buwenos Aires suka yi ke nan.

In an gama share hanya, sai a tara kuɗin ko wane irin kaya, a jera daga babba zuwa ƙarami. Kusan kullum abin da a kan gani shi ne kaya huɗu ko biyar sun cinye mafi yawan kuɗin, sauran hamsin suna rabon ɗan abin da ya rage. Masu wannan fanni suna jingina wannan lura ga Pareto, wani masanin Italiya da ya ga irinta a rabon dukiya tsakanin mutane. A makarantar kwana ba sai an yi duba ba, hatsi ne da man girki da makamashi da gyaran gini. To ku tuna taronku na ƙarshe. Sa'a nawa aka ɓata ana jayayya a kan alli da tsintsiya, kuma minti nawa aka yi a kan gero? Mutane su kan yi gardama a kan ƙaramin abu don kowa ya san kuɗinsa, su yi shiru a kan babba don adadin ya fi ƙarfin idonsu. Ragin kashi 5 cikin 100 a kan hatsi ya fi a ba ku allin shekara kyauta.

Bari mu tsaya a kan hatsi, tun da shi ne babba. Kowa ya san yana araha da kaka, yana tsada in damina ta yi nisa, amma daftari shi zai nuna muku wata nawa kuka saya a lokacin tsada, da buhu nawa. Mu ƙaddara, a misali kawai, makaranta tana cin buhu 240 a shekara, 20 ko wane wata. Mu ƙaddara buhu yana kan 10 da kaka, na ko wane irin kuɗi, yana hawa a hankali har 14, ya zama matsakaicin abin da a ke biya a shekara 12 ne. Mai sayen wata wata ya biya 2,880. Mai saye da kaka ya biya 2,400. Tazara 480. Amma kada a tsaya nan. A cire kuɗin sito da na mai gadi da na buhunan ajiya, mu ce 120. A cire abin da ƙwari da ɓera da raɓa za su ci, mu ce buhu 10, wanda za a maye da tsada a kan 140. Saura 220. Riba ce har yanzu, amma ba ta kai rabin abin da aka hango da farko ba, kuma in sito yana yoyo za ta koma hasara. Wannan shi ne amfanin lissafi, ya kan rage zumuɗi kamar yadda ya ke rage sakaci. Wajen wake kuwa, wanda ƙwari suka fi ɓarna a cikinsa, tun 2007 aka soma yaɗa buhu mai ruɓi uku wanda iska ba ta shiga, a Nijeriya da Nijar, yana kashe ƙwarin ba da magani ba, saboda haka a sa kuɗinsa cikin lissafi a gani. Akwai kuma shekarar da farashi ba ya bin al'adarsa, ya faɗi bayan kaka maimakon ya hau. Don haka mu a ganinmu kada a zuba kuɗin shekara duka a rana guda. A sayi rabi ko sulusi biyu, a bar saura.

Wani zai ce, wannan ba ɓoye abinci ba ne? Babin naku ne, kun san bambancin mai tanadin abin da zai ciyar da waɗanda ke wuyansa da mai tarawa don ya matsa wa jama'a. Abin da za mu ƙara shi ne ladabin saye. Mai neman buhu ɗari biyu kada ya faɗa wa ƙaramar kasuwar ƙauye rana guda ya tayar wa talakawa farashi. Ya nufi babbar kasuwa irin Dawanau ta Kano, ko ya rarraba sayensa makonni.

Kada kuma wani ya fahimci cewa muna cewa a bi mafi araha ko yaya. Araha ba ta ado. Kwanon rufi mai arha da zai yi tsatsa damina uku ya fi mai tsada tsada, kuma daftarin da aka riƙe shekaru shi zai tona wannan, domin za a ga an sāke sayen abu guda sau uku. Haka nan tattara saye a hannun mutum guda yana da nasa haɗari. Wani masani, Peter Kraljic, ya ba da shawara a 1983 cewa a yi wa ko wane kaya tambaya biyu: nawa ya ke ci a cikin kuɗinmu, kuma in ya yanke yaya za mu yi? Abin da ke cin kuɗi da yawa kuma masu sayar da shi suna da yawa, kamar gero, a nan a ke tayi da ƙarfi. Abin da ba ya cin kuɗi amma in babu shi aiki ya tsaya, kamar wani ƙarfe na injin rijiyar burtsatse, a nan ba ragi a ke nema ba, ajiya a ke yi da sanin mutum na biyu da zai kawo. Duniya ta ga wannan a 2020 lokacin annobar korona, sa'ad da asibitoci suka yi ta neman safar hannu, alhali a lokacin wajen sulusi biyu na safar hannun duniya daga ƙasa guda a ke yin ta, watau Malesiya. Rage iri 177 zuwa 13 hankali ne. Rage masu kawowa zuwa mutum ɗaya tilo kuwa sa wuya ne a igiya.

Gwamnati tana da dokarta a kan wannan. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ta kafa hukuma ta musamman, kuma cikin ayyukan da ta ɗora mata har da lura da farashi da ajiye daftarin farashi na ƙasa. A 2015 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta buɗe wani sashe don bin kuɗin da ma'aikatu su ke kashewa a tafiye-tafiye da kayan ofis. Ko an yi aiki da waɗannan yadda ya kamata, wannan zance ne na wata rana. Abin da ya dame mu a nan shi ne, dokar ba ta hau kan makarantar unguwa ko asusun marayu ba. Ba odita da zai zo. In ba mu duba da kanmu ba, ba mai dubawa, kuma kuɗin da ke hannunmu ya fi na gwamnati nauyi ta wata fuska, domin mun san fuskar tsohuwar da ta kwance bakin zanenta ta bayar.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙon shugabannin makarantu da ƙungiyoyi. Wanda zai jera daftarin kada ya zama shi ne ma'aji, kada kuma ya zama mai zuwa kasuwa, ba don tuhuma ba, sai don mutum ba ya ganin ƙeyarsa. A zaɓi manyan almajirai biyu masu hisabi, a ba su wannan aiki duk wata uku, su ma karatu ne gare su wanda zai amfane su in sun fita duniya. A karanta sakamakon a gaban kwamiti kafin a yanke shawarar sayen gaba, domin daftarin da aka karanta bayan an dawo daga kasuwa tarihi ne kawai. Inda aka ga tazara, a kira mai saye a tambaye shi cikin mutunci, a saurari uzurinsa, sau da yawa yana da shi. In tazarar ta dawo karo na biyu da na uku ba uzuri, a mayar da sayen wannan kaya hannun wani, ko da ba a ce ya ci kome ba. In ba a yi wannan ba, abin da ya faru a asibitocin can bayan wata tara shi zai faru. A kuma yanka wa mai saye haƙƙinsa a fili, a rubuta shi a littafi, ya san abin da ya ke nasa.

Makarantun da ke gari guda kuwa, ko da ba ƙungiyarsu ɗaya ba, su yi musayar takarda guda a ƙarshen ko wane wata. Ba sai kowa ya buɗe asirin asusunsa ba. Kaya biyar sun isa a soma da su: gero ko masara a kan tiya, shinkafa a kan tiya, man girki a kan jarka mai lita 25, siminti a kan buhu, takarda a kan rim. Ko wace makaranta ta rubuta abin da ta biya har kayan ya iso ƙofarta, da ranar saye, da ko bashi ne ko hannu. Mutum guda ya kwafe su a jere ya mayar wa kowa kafin goma ga wata mai kamawa.